Sarkin da ya sauka daga gado don tsoron Allah: gwarzo ne ko nauyi ya guje wa?

MalamSabo_Ringim

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni malamin Hausa ne a wata ƙaramar sakandare ta ƙauye a ƙasar Ringim, kuma an ɗora mini shirya wasan kwaikwayon da ɗalibai za su gabatar a bikin ƙarshen zango, wanda zai zo bayan an gama girbi, lokacin da iyaye suke samun sukunin zuwa kallo. Na zaɓi labarin Sarkin Kano Umaru ɗan Kanajeji, wanda masana suke lissafa zamaninsa daga 1410 zuwa 1421. Abin da kundin tarihin Kano ya kawo a kansa ba shi da tsawo. Malami ne mai yawan ibada. Da aka naɗa shi, amininsa Abubakar ya yi masa faɗa, ya bar shi ya tafi Barno ya shekara 11. Da ya komo ya tarar har yanzu yana kan gado, sai ya yi masa wa'azi a kan lahira da ruɗin duniya, har Umaru ya tara Kanawa ya shaida musu cewa sarauta tarko ce, ya sauka, ya bi abokinsa, ya ƙare rayuwarsa yana nadamar shekarun da ya yi yana mulki. Daga nan aka yi masa laƙabi da Ɗan Tarko. Kundin ya ƙara da cewa a zamaninsa ba a yi yaƙi ba, ba a yi fashi ba, kuma al'amuran gari suna hannun Galadima.

Na rubuta kashi biyu lafiya, amma na cije a na uku, inda zai sauka. Niyyata tun farko ita ce in nuna shi a matsayin gwarzon da ya fifita lahira a kan duniya. Ranar Laraba muna gwaji a gindin darbejiyar makaranta, sai wata yarinya 'yar aji uku ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, idan a zamaninsa babu yaƙi babu fashi, da ya tafi wa ya bar wa talakawa?" Na rasa amsar da zan ba ta, kuma tun ranar ban iya ƙara ko layi ɗaya ba. Ina roƙon ku taimaka mini da ra'ayinku a kan ko saukar tasa jarunta ce ko gudun nauyi, sannan wanda ya san aikin dandamali ya nuna mini yadda zan fito da abin da ke cin zuciyar sarki a gaban 'yan kallo.

Almajirin_Tarihi

Wa alaikumus salam, Malam Sabo. Kafin a shiga hukunta Umaru, ina ganin ka bar babban abin da zai ba wasan naka ƙashi, wato mahaifinsa. Musulunci ya shiga fadar Kano ne a zamanin kakansa Yaji, 1349 zuwa 1385, lokacin da Wangarawa suka zo daga ƙasar Mali. Shi kuwa Kanajeji mayaƙi ne, shi ake dangantawa da shigo da lifidi da kwalkwali da sulke, kuma kundin da ka ambata ya ba da labarin cewa da yaƙin Zazzau ya ƙi ci masa, sai aka ba shi shawara ya farfaɗo da tsafin da iyayensa suka rushe, ya kuwa yi, sannan ya fita ya ci nasara. To ka dubi yaron da ya tashi a zauren malamai yana haddar karatu, alhali ya san da me ubansa ya riƙe wannan gadon da za a ɗora shi a kai. Fadawan da suka raka Kanajeji wajen tsafin su ne za su faɗi su gaishe shi kowace safiya. A wurina damuwar Umaru ba ta fara ranar da Abubakar ya dawo daga Barno ba, tana tare da shi tun ranar naɗi, kuma idan ka fara wasan daga nan, kashi na uku zai zo maka da kansa.

GwaniHabu_Dutse

Ni dai ban ga abin zargi a wurinsa ba. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana Abdurrahman bin Samura neman shugabanci, kuma da Abu Zarri ya nemi a ba shi wani muƙami, ya shaida masa cewa shi mai rauni ne, ita kuwa amana ce da za ta zama nadama ranar alƙiyama ga wanda bai ba ta haƙƙinta ba. Mutumin da ya auna kansa ya ga ba zai iya tsayawa gaban Allah da wannan kaya ba, ya sauke tun yana da rai, ya yi abin da sarakuna dubu suka kasa. Malaman tasawwufi har yau suna ba da labarin Ibrahim bin Adham wanda ya bar mulkin Balkh ya kama hanyar zuhudu, ba a kuwa taɓa kiransa matsoraci ba.

HajiyaBinta_Gezawa

Allah ya gafarta Malam, ban isa in ja da kai a fagen hadisi ba, amma a islamiyya an karantar da mu cewa cikin mutum bakwai da Allah zai sanya a inuwarsa ranar da babu wata inuwa, shugaba adali aka fara ambata. Annabi Yusuf, alaihis salam, da bakinsa ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasar Masar domin ya san zai iya, kuma ya san yunwa tana tafe. Umar bin Abdul'aziz bai kai shekara uku a kan halifanci ba, daga 717 zuwa 720, ya tarar da gidansu cike da dukiyar da aka tara ba bisa ƙa'ida ba, bai gudu ba, ya zauna ya mayar da ita baitulmali, ya fara da kansa da kayan adon matarsa Fatima. Hadisin Abu Zarri a kan mai rauni yake magana. Wanda aka shekara 12 a ƙarƙashinsa babu fashi a hanya, da wane ma'auni za a kira shi mai rauni? Ni tambayar yarinyar nan ta fi kwanta mini.

GwaniHabu_Dutse

Hajiya, kin kawo hujja mai ƙarfi, na kuwa karɓa. Sai dai ki sake duba maganar Malam Sabo ta ƙarshe: al'amuran gari suna hannun Galadima. Idan haka ne, zaman lafiyar nan ta yiwu aikin Galadima ce, shi kuwa Umaru ya san a ransa cewa ana yi masa kirari da aikin da ba shi ya yi ba, kuma za a tambaye shi a kan hukuncin da ba shi ya yanke ba. Wannan kaɗai ya isa ya hana mai tsoron Allah barci.

JikarDagaci

Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ban saba magana a wannan zaure ba, karatu kawai nake yi, amma wannan batu a gidanmu ya faru, don haka ku yi mini haƙuri in tsawaita.

Kakana na wajen uwa dagaci ne a wani ƙauye a gabashin Kano, wanda yanzu yake cikin Jigawa. Almajiri ne, ya yi karatu a gabas, ba shi ne kuma ya nemi sarautar ba, dattawan gari ne suka tsaya a kansa bayan rasuwar yayansa. A 1973, shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira, aka yi farin da tsofaffinmu har yau suke lissafa shekaru da shi. Gero ya bushe a tsaye tun bai fid da kai ba. Duk da haka takardar haraji ta zo kamar kullum, da adadin da aka yanka wa garin bisa yawan magidanta, ba a rage ko kwabo ba. Mahaifiyata tana 'yar shekara tara a lokacin, ta ce tana tuna shi zaune a zaure da fitilar ƙwai da littafin sunaye a cinyarsa, yana bin suna ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa, duk wanda ya zo kansa ya san babu komai a rumbunsa sai ya tsallake. Da ya kai ƙarshen littafin, waɗanda ya tsallake sun fi waɗanda ya yi wa alama yawa. Washegari ya sa aka kora shanun huɗarsa guda biyu kasuwa, ya sayar da su a wulaƙance domin kowa sayarwa yake yi a shekarar, ya cike giɓin ya kai.

Shekara ta zagayo, ruwa bai wadata ba, shi kuma ba shi da sauran abin sayarwa. Ya je ya faɗi gaban na sama da shi har sau uku yana roƙon sassauci, aka ce masa su ma daga sama aka yanko musu. Ranar da wa'adi ya cika, ya warware rawaninsa, ya ninke shi, ya sa a jakar fata ya ba ƙaninsa ya kai, ya ce a faɗa musu ba zai iya shanya mutumin da yaransa suka kwana da yunwa a rana ba. Wanda aka naɗa bayansa ya iya. An shanya magidanta a ƙofar fada, an kwance awaki daga turke, gidaje da dama suka tashi cin rani ba su sake dawowa ba.

Kakata ba ta taɓa yafe masa wannan saukar ba har ta koma ga Allah, ba kuwa don an daina kawo mata gaisuwa ba. Abin da take faɗa kullum shi ne, ya wanke hannunsa da ruwan idon wasu. Takan ce da ya daure yana jan ƙafa, yana ɓoye wannan yana roƙa wa wancan, da ya kai 1979, lokacin da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kano. Shi kuwa amsarsa ɗaya ce, cewa bai san 1979 tana zuwa ba, abin da ya sani shi ne gobe da safe za a ce ya ɗaure maƙwabcinsa. Na girma ina jin su biyun, kuma ina son su biyun. Malam Sabo, idan za ka rubuta Umaru, don Allah ka sa masa mace irin kakata a cikin gida, wadda za ta faɗa masa abin da fadawa ba za su faɗa ba.

BaffanSumaila

Allah ya jiƙan su da rahama, 'yata. Na ga wannan farin da idona, kuma na ga an shanya mutane. Abin da kika faɗa babu ƙari a ciki.

Almajirin_Tarihi

Labarin ƙanwarmu ya tuna mini da cewa Kano ta sake ganin wannan tirka-tirka bayan jihadi, kuma a can an ga ɓangarorin biyu a fili. Bayan an kori Sarki Alwali, Malam Sulaimanu ya zama sarki na farko a sabon tsari, kuma jagororin jama'a suka hana shi shiga Gidan Rumfa. Hujjarsu ita ce idan suka zauna a gidajen sarakunan da suka yaƙa, 'ya'yan da za su haifa a ciki za su tashi da halin masu gidan. Wani daga cikin mutanen gari kuma ya faɗa masa cewa muddin bai shiga gidan ba, birni da ƙauye ba za su ɗauke shi sarki ba. Sai da ya nemi izinin Shehu Usmanu sannan ya shiga. Bayan rasuwarsa a 1819 aka naɗa Ibrahim Dabo, shi ma malami, ya tarar da tawaye ta ko'ina, har ya nemi yardar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya dawo da sarautu da wasu al'adun fada na dā domin ya iya riƙe ƙasa. Ya riƙe ta kuwa har 1846, kuma zuriyarsa ce take sarautar Kano har yau. Ga malami ya ce tarko ce ya fita, ga wani malamin ya shiga tarkon da idonsa biyu domin kada ƙasa ta wargaje. Da ni ne mai rubutu, Dabo zan ɗauka, domin wanda ya zauna ya fi wanda ya tafi yawan darare marasa barci.

ƊanKazaure

Yaya Almajiri, ina da gyara a kan kalmar tawaye. Cikin waɗanda suka ƙi miƙa wuya ga Dabo har da Ɗantunku, kuma mu a Kazaure ba ma kallonsa a matsayin ɗan tawaye, domin shi ma ya yi jihadin, yana kuma ganin ba a ƙarƙashin Kano ya karɓi amanarsa ba. Daga ƙarshe Sarkin Musulmi Bello ne ya raba gardamar, Kazaure ta tsaya da ƙafarta a matsayin masarauta. Na faɗi wannan ne domin ya shafi aikin Malam Sabo kai tsaye: mai rubuta wasan tarihi yakan ɗauki sarki ɗaya ya ba shi zuciya da tunani, sauran kuma ya mayar da su duwatsun da ke tare masa hanya, alhali kowannensu yana da tasa hujjar da garin da ke bayansa.

Almajirin_Tarihi

Na karɓi gyara, ɗan'uwa. Da bakin Kano na yi magana, kuma ya kamata in faɗi hakan tun farko.

SaniMaiWasa_Gumel

Malam Sabo, bari in taɓa tambayarka ta biyu tunda an fi ba ta farko ƙarfi. Na shekara fiye da 20 a ƙungiyar wasan kwaikwayo, mun yi a dandalin gari mun yi a makarantu, kuma kuskuren da na fi gani shi ne a tsayar da sarki shi kaɗai a tsakiyar dandamali yana magana da kansa, yana dafa ƙirji yana bayyana damuwarsa. Mutanenmu ba su san sarki a haka ba, da zarar ya fara za ka ji 'yan kallo sun soma hira. Sarki a wurinmu mai ƙarancin magana ne. Amawali ya rufe masa baki, talaka ya faɗi ya yi gaisuwa, dogarai ne suke amsawa da cewa an gaishe shi. Wannan shirun shi ne jarinka, kada ka ɓarnatar da shi.

Ga yadda zan yi da ni ne. A fitowa ta farko a kawo wata tsohuwa da wani bafade ya kwashe mata rumbu, sarki ya yi magana a hankali, a sanar da cewa ya ba da umarni a mayar mata. Maroƙi ya ɗauki kirari, kowa ya watse. A fitowa ta uku, sarki zai fita masallaci, sai ga tsohuwar nan a bakin hanya da ƙwaryar bara. Kada ta yi magana, kada shi ma ya yi. Ya tsaya kawai ya dube ta, maroƙi yana ta zuba kirarin adalcinsa bai lura ba, har sai dogari ya matsa ya janye ta. Duk wanda ke wurin ya san rijiya ta ba da ruwa guga ya hana, ba sai an faɗa masa ba. Maganar zuci kuwa ka ajiye ta sai dare, a cikin gida, inda zai cire rawani ya zauna a tabarma gaban mahaifiyarsa ko matarsa, kamar yadda JikarDagaci ta nema. A nan ne kaɗai Bahaushe zai yarda sarki ya yi rauni a gabansa.

Sannan ina roƙonka kada ka mayar da Galadima mugu. Na san karin maganar da ke cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade, kuma ita ce ta lalata mana wasanni da yawa, domin tana wanke sarki tun kafin a buɗe labule. Ka ba Galadima gaskiyarsa. Shi ne yake sanin nawa ake ciyar da dawaki, wane mai sarauta ne zai ɓalle idan aka taɓa bafadensa, wace ƙofa ce ba ta da tsaro. Ya ce wa sarki, cikin ladabi, ranka ya daɗe, an mayar wa tsohuwa rumbunta yau, gobe mutum ɗari masu lifidi za su koma bayan wani. Idan 'yan kallo suka ji Galadima ya yi gaskiya kuma tsohuwa ma tana da gaskiya, sun shiga cikin zuciyar Umaru ke nan ba tare da ya buɗe baki ba.

Ummi_Bichi

Shawarar Baba Sani ta yi kyau ƙwarai, amma a kula da kayan da za a sa a dandamali. Umaru ya riga Muhammadu Rumfa da kusan shekara 40, domin Rumfa ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Saboda haka babu Gidan Rumfa a zamaninsa, babu Kasuwar Kurmi, babu majalisar Tara ta Kano, kuma kakaki da figini da takalmin gashin jimina duk Rumfa ake dangantawa da su. Na taɓa ganin wasan makaranta da aka busa wa sarkin da ya riga Rumfa kakaki, wani dattijo ya tashi ya fita.

SaniMaiWasa_Gumel

Gaskiyarki, 'yata, a cire kakaki da figini. Rawani da amawali kuwa ina ganin a bar su ko da salon naɗin na baya ne, domin da su 'yan kallo suke gane sarki, kuma cire rawanin nan a gaban jama'a shi ne duk kashi na uku.

BaffanSumaila

Ni tsoho ne, damuwata daban ce. Yara ne za su yi wannan wasa a gaban dagaci da masu unguwanni, wataƙila har da hakimi. Shin ya dace a nuna sarki yana kuka gaban mace, ko ana karya umarninsa? Ina tsoron kada yara su tashi da raina sarauta, ita kuwa ita ce ta rage mana a ƙauye idan rigimar gona ko ta aure ta taso.

HajiyaBinta_Gezawa

Baffa, Allah ya ƙara girma. Kwaikwayon sarauta ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A wasan gauta matan fada ne da kansu suke kwaikwayon sarki da hakimansa, sarki yana kallo, kuma ta nan yake jin abin da ba a iya faɗa masa a zaman fada. A kalankuwa, bayan an kau da amfanin gona, samarin ƙauye suna naɗa nasu sarki da alƙali. Ba a taɓa cewa waɗannan sun rushe sarauta ba. Yaron da ya ga cewa rawani nauyi ne da ke hana mai shi barci zai fi girmama dagacinsa a kan wanda yake zaton rawani ado ne da karɓar gaisuwa.

BaffanSumaila

To, Hajiya, na ji. Amma ina ba Malam Sabo shawara ya je ya gai da dagaci tun kafin ranar, ya ba shi labarin wasan da bakinsa, kada ya fara jin sa a bainar jama'a.

MalamNuhu_BirninKudu

Ina so in dawo da mu kan tambayar farko, domin ina ganin an raba hanya biyu, ko a tafi ko a zauna, alhali akwai wanda ya bi ta uku. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ana tsakiyar jihadi wajajen 1807, ya ga yadda wasu daga cikin jama'a suka karkata ga neman mulki da dukiya, ransa ya ɓaci, ya bar rundunar da niyyar tafiya Makka. A Kano ya yada zango. Mutanen Kano suka roƙe shi ya tsaya ya koya musu yadda ake tafiyar da mulki bisa shari'a, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam, ya karantar da tafsiri, daga nan kuma ya fasa tafiyar ya koma, har daga baya ya riƙe yammacin daula daga Gwandu. Abin da ya kore shi shi ne abin da ya kori Umaru, amma shi da ya tsaya a hanya sai aka nuna masa cewa masu buƙatarsa sun fi waɗanda suka ɓata masa rai yawa. Shehu Usmanu kansa a 1812 ya raba tafiyar da daula tsakanin Abdullahi da Muhammadu Bello, ya koma ga karantarwa da rubutu, sai dai bai bar jama'a ba tare da ya san a hannun wa ya bar su ba. A nan nake ganin laifin Umaru idan yana da shi. Saukar ba ita ce matsala ba, yadda aka sauka ne. Kundin ya nuna ya tara mutane ya sanar da su ya tafi, ɗan'uwansa Dauda ya hau. Yarinyar da ta tambayi wa ya bar wa talakawa ta sa yatsa daidai wurin.

GwaniHabu_Dutse

Malam Nuhu, bambancin Abdullahi da Umaru shi ne Abdullahi yana da Shehu a sama da shi da jama'ar malamai a gefensa, yana da wurin komawa. Umaru malami ne guda a fadar da ba ta daɗe da komawa tsafi ba, kuma amini ɗaya da yake da shi ya tafi Barno ya bar shi shekara 11. Ni a wasan nan Abubakar ne nake da tambaya a kansa. Ya fi sauƙi ka yi wa mutum wa'azi ya sauka a kan ka zauna kusa da shi ka taya shi gyara. Da ya tsaya a fada shekarun nan yana faɗa masa gaskiya kullum, kamar yadda Al-Maghili ya zo ya rubuta wa Rumfa nasiha a kan abin da ya wajaba ga sarakuna, da wataƙila ba a kai ga sauka ba.

JikarDagaci

Allah ya gafarta Malam, wannan magana ta taɓa ni. Kakana ma da ya je roƙon sassauci sau uku, shi kaɗai ya je. Limamin gari da dattawan da suka tsaya aka naɗa shi babu wanda ya raka shi, amma bayan ya sauka kowa yana da abin faɗa.

MalamSabo_Ringim

Na gode muku gaba ɗaya, Allah ya saka da alheri. Na kwana biyu ina karanta amsoshinku ina sake karantawa. Na yaga kashi na farko, zan fara daga daren da aka yi wa Kanajeji jana'iza kamar yadda Almajirin_Tarihi ya nuna. Tsohuwa mai rumbu ta shiga, Galadima ya samu hujjarsa, kakaki ya fita, kuma ranar Juma'a zan je in gai da dagaci bisa shawarar Baffa. Na ƙara mace a cikin gida, na ba yarinyar da ta yi tambayar wannan matsayi, kuma tambayar tata da kalmominta zan sa a bakin matar sarki. Maganar Gwani ta sa na ƙara wata fitowa da ban yi niyya ba, inda Galadima zai tare Abubakar a ƙofar gari ya tambaye shi ina yake duk shekarun nan.

Inda har yanzu ban yanke ba shi ne abin da Umaru zai amsa wa matarsa. Na rubuta amsa uku, kowacce na karanta sai in ji ko dai na wanke shi fiye da kima ko na kayar da shi fiye da kima. Yaron da zai fito a Umaru ya ce a bar shi ya yi shiru, ya ninke rawanin kawai ya ajiye a gabanta.

HajiyaBinta_Gezawa

Kada ka bar shi ya yi shiru, Malam. Ya yi shiru gaban tsohuwa, ya yi shiru gaban Galadima, idan ya sake yin shiru gaban matarsa, 'yan kallo za su tashi da tausayinsa kawai, ita kuwa tsohuwar tana nan a bakin hanya da ƙwaryarta. Wanda ya shekara 12 ana faɗuwa ana gaishe shi, talakawa suna bin sa bashin amsa ko da ba za ta gamsar ba.

SaniMaiWasa_Gumel

Ni kuwa ina bayan yaron. Amma ku gwada duka biyun a gindin darbejiyar, ka kira masu dafa abincin makaranta da maigadi su zauna su kalla, ka dubi fuskokinsu.

JikarDagaci

Malam Sabo, idan an sa ranar don Allah ka sanar a nan. Na karanta wa mahaifiyata wannan zaren jiya da dare daga farko har ƙarshe, ta ce tana so in kawo ta, ko da a bayan taro za ta zauna. Ta kuma ce in faɗa maka cewa jakar fatar da aka kai rawanin a ciki tana nan a ɗakinta, domin an dawo da ita babu komai a ciki, kuma idan kana so yaran su yi amfani da ita a kashi na uku za ta zo da ita.